Abin da Ya Narke a Ruwan Kalgo

Ruwan fadamar Kalgo yana sauya launi a shekara. Da damina ja ne mai kauri, kamar an dama jar ƙasa. Idan gulbi ya cika ya malala, ya kwanta cikin ciyawa na wasu makonni, sai ya fara janyewa wajen kaka, launinsa ya koma na shayin da ba a sa wa madara ba. Kana iya hango yatsun ƙafarka a ciki, amma ruwan ba fari ba ne. A bakin wannan ruwan na tashi, domin mahaifina masunci ne, haka ma yayana.

Ni kuwa boko na yi. A farkon shekarun casa'in ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata makarantar 'yan mata a Gwandu, inda aure ya kai ni. Maigidana malamin gona ne. A lokaci guda kuma ina neman digiri na biyu a Sakkwato, ina zuwa ina dawowa. Malamin da ke duba aikina dattijo ne mai ƙarancin magana, muna kiransa Dakta. Da na gaya masa daga inda na fito, sai ya ce in kawo masa ruwan garinmu a kwalba.

Na kawo. Ya tace shi a gabana da wani faifan tacewa wanda ko ƙwayar laka ba ta wucewa, ya ɗaga kofin gilas ɗin wajen taga. Launin shayin yana nan.

“Kin ga wannan,” in ji shi, “ba datti ba ne. Ganye ne da ciyawa da saiwa suka ruɓe suka narke. Shi ƙananan halittun ruwa ke ci, su kuma kifi ya cinye su. Daga wane tsiro ya fito?”

Na ce ban sani ba.

“Ni ma ban sani ba. Amma ana iya ganowa.”

Ya yi mini bayani a tsaye. Duk abin da ya tsiro jikinsa cike yake da kabon, sinadarin nan da ke zama gawayi idan an ƙona itace. Kabon ɗin iri biyu ne da ba a iya bambanta su da ido, sai dai ɗaya ya ɗan fi ɗaya nauyi. Gero da dawa da ciyawar burgu ta fadama suna ɗaukar mai nauyin fiye da yadda itatuwa da shinkafa ke ɗauka. Ko tsiro ya ruɓe ya narke a ruwa, wannan alamar ba ta ɓacewa. Injin da ke auna ta ba mu da shi, amma wani abokin karatunsa a ƙasar waje yana da shi, kuma Dakta zai je can bayan kaka mai zuwa. Idan na tara ruwa tun daga rani har cikar gulbi da janyewarsa, muka busar da shi ya zama gari, zai tafi da shi.

Na karɓi aikin a wurin, ban ko nemi shawara ba.

Ranar Asabar nake tafiya. In hau ƙaramar bas daga Gwandu zuwa Birnin Kebbi, in sake wata zuwa Kalgo, da kwandon kwalabe a cinyata don kada su fashe. Yaya ne ke tuƙa ni a jirgi da doguwar gora. Muna ɗiba a tsakiyar gulbi, muna ɗiba a wani tafki da burgu ya kewaye, sannan mu gangara wajen gonakin shinkafa na Diggi. Ina tace ruwan da famfon hannu, in ɗiga masa asid don kada ya lalace, in rufe. Da yake hannuna yana gajiya, wani lokaci Yaya ya karɓa ya yi ta matsawa yana tsokanata.

Baba kuwa ba ya shiga jirgin, sai dai idan mun dawo ya dubi kwalaben.

“Mi kike nema cikin ruwan ga?” ya tambaye ni wata rana yana gyaran taru.

Na gaya masa.

“Ai da kin tambaye ni. Karan shinkafar bara na, shi ka ruɓewa ya rina ruwa.”

Yaya ya ce shi a ganinsa ganyen itatuwa ne ruwa ke kwasowa daga gabas. Suka yi ta musu, ni dai ina jera kwalabe.

Abin da ya fi wahala a aikin shi ne tsabtar kwalba. Sabulu kabon ne, maiƙon yatsa kabon ne, hayaƙi kabon ne. Ɗan kaɗan ya shiga, alamar ruwan ta gurɓace. Don haka bayan wanki sai an gasa kwalabe da faifan tacewa a tanderun lantarki na jami'a har duk abin da ya manne ya ƙone. Ana cikin haka malaman jami'a suka shiga yajin aiki, aka rufe ɗakin gwaji da kwaɗo. Kwalabena masu tsabta suka ƙare.

Na fara zuwa wurin wata maginiyar tukwane a hanyar Dalijan, na roƙe ta ta sa mini kwalabe kaɗan cikin gashin tukwanenta. Ta yarda tana dariya. Da kashin shanu da ciyawa take gashi, kwalaben suka fito baƙi ƙirin, ɗaya ma ta tsage. Na yi mata godiya, na kwashe su na zubar a bola.

A hanyar komawa gida na wuce gidan burodi na bayan kasuwar Gwandu, na ga suna kwashe garwashi daga tanderu da dogon ƙarfe kafin su zuba burodi. Babu wuta a ciki, babu hayaƙi, sai zafin da bulo ya riƙe. Na tsaya na yi sallama.

Mai burodin ya saurare ni har na gama, ya ce, “Malama, kwalba ba komi ciki za ki gasa?”

“Ba komai ciki.”

“To in ta nuna wa zai ci?”

Ma'aikatansa suka fashe da dariya, ni ma na yi. Amma ya yarda, bisa sharaɗin in zo da sassafe lokacin da tanderun ya fi zafi, tun bai isa a sa burodi ba. Ina naɗe kowace kwalba da takardar alminiyam, ya tura su can ƙurya, in tafi makaranta, in dawo da rana in same su ya ajiye mini a gefe sun huce. Ban da tabbacin zafin ya isa. Saboda haka a kowace tafiya nake cika kwalba guda da tataccen ruwan ɗakin gwajin makarantarmu, in tafi da ita Kalgo in dawo da ita, a yi mata duk abin da aka yi wa sauran. Idan injin ya sami kabon a cikinta, na san tanderun bai yi ba.

Rani ya wuce, damina ta sauka, ina ta tarawa. Sai dai a shekarar gulbi bai cika ba. Ruwan sama ya yi ƙaranci, madatsar da aka gina can sama kuma ta riƙe abin da ya samu. Muka yi ta jira. Ruwa ya ɗan hau, ya leƙa bakin fadama, ya koma. Burgu ya bushe a tsaye, Fulanin da ke kawo shanu da kaka suka zo suka duba suka wuce kudu. Tarunan Baba suka zauna a rataye. Ruwan nan mai launin shayi, wanda dominsa na fara aikin, ban gan shi ba ko sau ɗaya.

Na sami Dakta a gidansa, tunda ofis a rufe yake. Ya ce in ba shi abin da na tara, a samu a busar, ya tafi da shi. Abokinsa sau ɗaya zai ba shi lokaci a kan injin.

“Dakta, idan sau ɗaya ne, a jira. Ba ni da ruwan janyewa.”

“Kina iya rubuta digiri da wannan.”

“Ina iyawa. Amma tambayar da ka yi mini ba za ta amsu ba.”

Ya ce shi dai zai tafi, kuma ba ya son ya ɓoye mini, an yi masa tayin aiki a can. Bai san ranar dawowarsa ba. Na yi masa sallama na fito. A bas ɗin komawa na yi kuka kaɗan cikin mayafi, na share kafin mu isa.

Maigidana bai taɓa hana ni tafiya Kalgo ba, shi ne ma ke kai ni tasha a babur. Amma da rani ya yi nisa, sai ya zaunar da ni. Ya ce ga rijiyoyin Gwandu nan birjik, in auna gishirinsu, wani malamin ya sa hannu, a wuce wurin. Ya kuma tuna mini ina da ciki, ga mai ya fara wuya, motoci suna kwana a layi.

Na ce, “Maigida, na ji. Ka bar ni in ga kaka ɗaya. Idan gulbi ya sake ƙin cika, zan auna rijiya.”

Ya girgiza kai ya ce Allah ya cika shi. Kwalaben bara muka binne su cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa, a ɗaki mai duhu, shi da kansa yake yayyafa musu ruwa idan ba na nan.

Wahalar mai ta tsananta har tafiyar Asabar ta gagara. Abin da ya cece ni al'ada ce. Cikin fari ne, don haka da ya tsufa aka mayar da ni gidan iyayena goyon ciki. Kafin in tafi na gasa duk kwalaben da nake da su, na kwashe faifan tacewar da suka rage, maigidana ya ɗaura kwandon a bayan babur ya kai mini Kalgo a hankali kamar ya ɗauko ƙwai.

A shekarar gulbi ya cika. Ya cika har ya taɓa gindin gawon da ke bayan gidanmu, burgu ya yi kore shar, yana lilo a kan ruwa. Garin ya farfaɗo, ko'ina ƙanshin banda. Na shiga jirgi da tsohon ciki, Yaya yana tuƙi a hankali yana mita. Inna ta bar ni a karo na farko. A na gaba ta tsaya a ƙofar gida.

“Ba inda za ki. In naƙuda ta kama ki tsakiyar ruwa, wa zai karɓi haihuwa? Wanga?” Ta nuna Yaya da baki.

“Inna, ruwan ya kusa fara janyewa.”

“Ya janye. Baɗi ma akwai ruwa.”

“Bara ma haka muka ce.”

Ba ta kauce daga ƙofar ba. Ranar ban je ba, kuma gaskiyarta ce, domin kafin mako ya zagayo na haifi 'ya mace. Washegarin suna Baba ya shigo ya ce ruwa ya fara sauka daga gindin gawo.

Mai jego ba ta fita. Na kira Yaya ƙofar ɗaki na nuna masa yadda zai yi: kada ya buɗe takardar alminiyam sai a kan ruwa, kada yatsansa ya taɓa bakin kwalba, ya ɗiba daga gaban jirgi ba inda gora ta tayar da laka ba, kuma kada ya sa su kusa da kifi. Na sa ya gwada a gabana da ruwan randa. Ya taɓa bakin kwalbar, na ce a sake. Ya sake taɓawa.

“Ke Malama, ni ba ɗalibarki ba ne.”

“Sake dai, Yaya.”

Ya sake har ya iya.

Sai kuma maganar hayaƙi. Safe da yamma Inna na hura wuta a tsakar gida, ta tafasa ruwan wankan jego a babbar tukunya, ga kunun kanwa, ga bandar kifi a ɗaya gefen. Hayaƙi yana shiga kowane ɗaki. Idan na buɗe kwalba a nan don tacewa, aikin ya lalace. Maƙwabcinmu yana da ɗakin siminti da bai gama ba a bayan danga, ta inda iska ke fitowa. Na ce can zan riƙa tacewa.

Inna ta ce sam, mai ɗanyen jiki ba ta zama a iska. Muka yi ta ja, har na ce mata to zan tace a ɗakina, amma ranar ba za a hura wuta ba, ba wanka. Ta dube ni kamar ta mare ni. Ta fita. Can na ji ana sara a bayan gida. Ashe danga ta sa Baba ya buɗe, don in wuce ɗakin simintin ba tare da na taka titi ba. Ta toshe tagogin da zana, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo bargo ta lulluɓe mini kafaɗu.

Haka muka yi ta yi duk lokacin janyewar ruwa. Yaya ya kawo kwalabe da hantsi, in wanke hannu in shiga, Inna ta zauna a bakin ƙofa da jaririya. Jikina ba ƙarfi, famfon yana sa bayana ciwo, in yi ta matsawa ina hutawa. Idan yarinyar ta yi kuka sai in rufe komai, in fito in shayar da ita, in sake wanke hannu in koma. Wata rana ruwan tafkin burgu ya yi duhu sosai har faifan yana toshewa, na daɗe ban fito ba. Inna ta leƙo, ta ga na kasa matsa famfon. Ta goya jikarta, ta wanke hannu yadda ta ga ina yi, ta karɓi famfon.

“Nuna min inda aka riƙewa,” in ji ta. “Kuma kada ki gaya ma kowa.”

Kafin in yi arba'in, fadama ta koma laka, an fara yankan shinkafa, ni kuma kwandona ya cika.

Bayan an buɗe jami'a na kai kwalaben Sakkwato da goyo a baya. Ma'aikacin ɗakin gwaji ya taimaka mini muka busar da su a hankali. Kowace kwalba ta bar ɗan gari mai ruwan ƙasa a gindinta, wani bai kai abin da zai rufe farce ba. Muka kankare muka zuba a ƙananan bututun gilas. Aikin shekara biyu ya shiga gwangwanin alewa, har da sauran wuri.

Gwangwanin ya zauna a akwatina wata da watanni. An ba ni wani malamin da zai duba aikina, mutumin kirki, amma ba shi da hanyar injin. Duk wanda na ji zai yi tafiya waje sai in bi sawunsa, ba a dace ba. Sai da 'yata ta fara tafiya sannan labari ya zo mini Gwandu cewa Dakta ya zo ganin gida, kuma ba zai daɗe ba. Na bar aji a hannun abokiyar aikina na kama hanya. Na same shi ana ɗaure masa kaya. Na miƙa masa gwangwanin, ya buɗe, ya ɗaga bututu guda wajen haske.

“Wannan na janyewa ne?”

“Na janyewa ne, Dakta.”

Ya sa gwangwanin a aljihun rigarsa na ciki, ya ce zai roƙi abokinsa. Ya sa mini rana da zan je ofishin tarho a Birnin Kebbi in jira kiransa.

Na je na zauna a benci tun safe. Sai bayan azahar aka kira ni. Layin yana ƙara, muryarsa na zuwa tana ɗaukewa. Abin da na fara tambaya shi ne kwalaben tataccen ruwa. Ya ce kusan babu komai a cikinsu, tanderun ya yi. Sannan ya ce wasu daga na rani garin ya yi kaɗan, injin bai iya karanta su ba, sun tafi ke nan. Sauran sun fito. Ruwan gulbi da rani yana ɗauke da alamar itatuwa da ƙasar da ya ratso daga sama. Na wajen gonakin Diggi gauraye ne. Amma ruwan janyewa, musamman na tafkin, ya karkata sosai wajen ciyawa. Burgu ne ke rina ruwan, shi ne ke zuba wa gulbi abinci idan ruwa ya kwanta a kansa ya koma.

Na jingina da bangon rumfar tarhon. Ya ce, “Kina ji na?” Na ce ina ji. 

Daga nan Kalgo na zarce. Baba ya saurara, ya ce to ai wajen Diggi an ga shinkafa, saboda haka bai faɗi ƙasa ba. Yaya ya ce shi ma an ga itatuwansa da rani. Inna ta tambaya ko waɗanda ta matsa sun fito, na ce sun fito, ta ci gaba da tankaɗenta.

Na rubuta aikin, na kare shi, aka ba ni digiri. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne shekarar da gulbi bai cika ba. Idan ruwa bai hau burgu ba, wannan abincin ba ya shiga gulbi. Na ɗauki kwafi na kai ofishin masu kula da madatsar ruwa, na nemi ganin babbansu. Aka ce yana taro. Na koma, aka ce ya yi tafiya. Na ci gaba da komawa duk ranar da ba ni da aji, har masinja ya saba da ni yana ba 'yata gyaɗa. A ƙarshe aka ce in zo wani zama da suke yi, za a ba ni ɗan lokaci bayan an gama abin da ke gabansu.

Na yi magana a tsaye, da Hausa, a gaban maza cike da ɗaki. Na ce ban zo in ce a fasa madatsa ba. Roƙona shi ne, idan za a saki ruwa, a duba lokacin da burgu ya tsiro, a bar ruwan ya kwanta a kansa. Shugaban ya gode mini, ya ce sakin ruwa ba a hannunsu kaɗai yake ba, aka yi addu'a aka tashi. Ban ga wani sauyi a shekarar ba, ko a wadda ta biyo.

Ina tattara takarduna wani injiniya mai furfura ya tsaya kusa da ni. Ya ce shi mutumin bakin gulbi ne, kuma shi ke tsara ranakun buɗe ƙofofin ruwa kafin a kai wa manya. Ya tambaye ni kamar tsawon wane lokaci ruwa ke buƙatar kwantawa a kan ciyawar. Na ce wannan ban auna ba tukuna. Ya ce to in auna, in kawo masa. Na tambaye shi wace rana yake zama a ofis, ya ce Talata.